Taron ƙasashe bakwai ya taɓa ceto aikin ma'aikaci kuwa?

Ɗan Kakuri: Salamu alaikum. Ga magana na kawo, duk mai ja ya ja. Taron nan na G7 da ƙasashe masu arzikin masana'antu ke yi duk shekara bai taɓa mayar da ma'aikaci ko ɗaya bakin aikinsa ba. A taru, a ɗauki hoto, a fitar da sanarwa, a watse. Abin da ke kare aiki shi ne harajin kan iyaka: ka tsare ƙofarka, masana'antarka ta rayu. Shekara 22 na yi a masaƙa kafin a sallame mu, ba labari aka ba ni ba.

Malam Na-Zariya: Wa'alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara girma, amma an gwada wannan hanyar, garin neman gira aka rasa ido. A 1930 Amurka ta kafa dokar Smoot-Hawley, ta lafta haraji kan dubban kayayyakin waje. Kanada ta rama, ƙasashen Turai suka rama. Daga 1929 zuwa 1934 darajar cinikin duniya ta faɗi da kusan kashi biyu cikin uku, a 1933 kuwa kusan ɗaya cikin kowane ma'aikaci huɗu a Amurka yana zaune a gida. Ban ce harajin ne kaɗai ya jawo ba, bankuna ma sun durƙushe, amma ya rura wutar. An kira taro a Landan a 1933 don a ɗinke ɓarakar, ya watse ba a cim ma komai ba. Shi ya sa da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, rashin aikin yi a Amurka ya kai kashi 9 cikin 100 a 1975, shugaban Faransa Giscard d'Estaing ya gayyaci takwarorinsa biyar zuwa garin Rambouillet na Faransa, taron da ya zama mafarin G7. Tsoron maimaita 1930 ne ya tara su.

Hajiyar Kwari: Malam, ka ba mu tarihi, amma ba ka amsa wa Baba ba. Ina aikin da aka ceto? Ni 'yar kasuwa ce, sai na ga kaya nake biya.

Malam Na-Zariya: Hajiya, wahalar ke nan: masana'antar da ba ta rufe ba ba ta shiga labarai. Amma ki dubi 2009. Bankuna sun sake durƙushewa, shugabannin G20, babban rukunin da ya haɗa ƙasashen G7 da wasu manyan ƙasashe, suka haɗu a Landan a watan Afrilu, suka yi alkawarin dala tiriliyan 1.1 don tallafa wa lamuni da ciniki, kuma suka ce ba za su rufe wa juna kasuwa ba. Rashin aiki a Amurka ya tsaya a kashi 10, bai kai 25 ba, cinikin duniya kuma ya farfaɗo a 2010. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu miliyoyin magidanta ce.

Ɗalibi a Jamus: Malam, ina tare da kai a kan 2009, amma a nan Jamus ba kowa ke yabon irin wannan haɗin kan ba. A taron Bonn na 1978 an matsa wa shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Schmidt ya ƙara kashe kuɗin gwamnati da kimanin kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa, don Jamus ta ja sauran kamar kan jirgin ƙasa. Ya yarda. Shekara na zagayowa juyin juya halin Iran ya sake ɗaga farashin mai, tsadar kaya ta dawo, bashi ya ƙaru. Jamusawa da yawa sun ɗauka an sa su biyan kuɗin cutar wasu, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa suke ɗari-ɗari duk lokacin da aka ce su buɗe baitulmali.

Ɗan Kakuri: Yawwa ɗana, faɗa masa. Ku ƙara da Japan. A 1985 a otal ɗin Plaza na birnin New York, ƙasashe biyar suka amince a karya darajar dala, saboda motoci da kayan lantarkin Japan sun cika kasuwar Amurka, majalisar Amurka na barazanar haraji. Dala ɗaya tana kusan yen 240, kafin ƙarshen 1987 ta gangaro wajen 120. Kayan Japan suka yi tsada a waje, babban bankinta ya sauke kuɗin ruwa don rage raɗaɗi, farashin filaye da hannun jari ya kumbura, ya fashe a farkon shekarun 1990. Wannan haɗin kai ne, ko babba ne ya murɗe hannun ƙarami?

Malam Na-Zariya: Akwai murɗiya a ciki, Baba, ban musa ba. Sai dai masana na saɓani kan ko Plaza ce ta jawo kumburin ko jinkirin bankin Japan wajen taka birki. Kuma ka lura: tun 1981 Japan ta yarda ta taƙaita motocin da take kai wa Amurka zuwa miliyan 1.68 a shekara, a 1982 Honda ta fara haɗa motoci a Ohio. Ba'amurke ya samu aiki, an kuma kauce wa ramuwar gayya. A teburin sulhu aka yi wannan.

Hajiyar Kwari: To ai kun kawo ni inda nake so. Ke nan taron yana ceto aiki, amma aikin 'ya'yansu. Tun 1974 har ƙarshen 2004 ƙasashen nan suna da yarjejeniyar ƙayyade yadi da tufafin da ƙasashe masu tasowa za su shigar musu, shekara 30 suna kare masaƙunsu. Mu kuwa a shekarun SAP, shirin gyaran tattalin arziki na zamanin Babangida, aka ce mu buɗe ƙofa. A taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya na Cancun a 2003, Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali sun kai kuka kan tallafin da Amurka ke bai wa manoman audugarta, wanda ke karya farashi a duniya. Taron ya watse, manomin auduga ya koma gida hannu rabbana.

Ɗalibi a Jamus: Gaskiya ne Hajiya, amma ko 'ya'yan nasu ba duka aka ceto ba. China ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001. Ma'aikatan masana'antu a Amurka sun ragu daga kusan miliyan 17 a 2000 zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010. Injuna sun ci wasu ayyukan, kayan China sun ci wasu. Mai saye ya samu rahusa, garuruwan da ke dogaro da masana'anta ɗaya suka mutu. Fushin mutanen nan ya taimaka wajen kawo Trump, wanda a 2018 ya sa harajin kashi 25 kan ƙarfe har da na ƙawayensa, ya kuma janye amincewarsa daga sanarwar G7 ta Kanada.

Ɗan Kakuri: Ka ga sun dawo kan maganata.

Malam Na-Zariya: Sun dawo, Baba, amma da ya lafta wa kayan China haraji, China ta rama a kan waken suyan Amurka, sai da gwamnatin Amurka ta biya manomanta biliyoyin daloli diyya. Masu sarrafa ƙarfe kuma, waɗanda sun fi masu narka shi yawa nesa ba kusa ba, suka sayi kayan aiki da tsada. Kuma ka yi mini afuwa in tambaya: an sha hana shigo da yadi Najeriya, me ya sa hanin bai tsare masaƙun Kaduna ba?

Ɗan Kakuri: Don iyakar ta takarda ce. Da rana a hana, da dare tireloli su shigo. Ga rashin wuta, ga tsadar baƙin mai, injinanmu kuma tsofaffi. Na janye rabin maganata, Malam: na yarda taron ya hana su cinye juna a 2009. Amma ban janye ɗaya rabin ba. Hajiya, a shagonki yau, cikin turmi goma na atamfa nawa aka saƙa a ƙasar nan?

Hajiyar Kwari: Baba, in na ce biyu ma na yi kara.