Idan an janye gyaranka cikin dare

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna a Unguwar Rimi, mu 'yan Kaduna masu sa hannu a manhajojin da kowa ke da damar leƙa rubutunsu ya gyara. Wani matashi ne ya buɗe zancen ransa a ɓace: aikin sati biyu, wani ya janye shi cikin dare, ko sannu babu.

Babban yaya a cikinmu ya juya masa kwamfutarsa. "Ƙanena, duba nan, aikinka bai salwanta ba." Haka ne kuwa. A Git, manhajar da ke ajiye tarihin gyare-gyaren aiki, umarnin git revert da ake janye gyara da shi sabon rubutu yake ɗorawa wanda ke warware na baya, tarihi yana nan daram, gobe ma ana iya dawo da gyaran. Abin da kowa ya yi tir da shi shi ne goge tarihi a reshen (wato layin aikin) da jama'a ke aiki a kai, a tura da ƙarfin tsiya.

Mai janyewa kuma ba a ƙyale shi ba. An ce ya rubuta dalili: me ya karye, a wane gwaji, sannan ya sanar da mai aikin. A Linux, babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da kowa ke iya sa hannu a ciki, wanda ya ƙirƙiro ta, Linus Torvalds, ya daɗe yana nanata cewa gyaran da ya lalata abin da ke wa mutane aiki, in ba a daidaita shi da wuri ba, janye shi ake yi.

Shi kuwa wanda aka janye wa, kada ya mayar da gyaran da kansa. Wikipedia ta Turanci ma ta hana wuce janyewa 3 a shafi guda cikin awa 24. Sai dai mai gyaran ya kai wa masu kula da aikin hujjarsa, ya daddatsa gyaran ƙanana, ya sake turawa.