Wai 'yan haya ne mu? Rigimar da ta tashi a zauren ƙwallo na Bauchi

Ɗan Wunti: Salamu alaikum jama'a, yau kam sai na amayar da abin da ke raina don tun jiya yake cina. Na je filin Abubakar Tafawa Balewa kallon ƙungiyarmu ta Bauchi Wikki Tourists, tun safe na kira abokaina huɗu kowa ya ce in sha Allah, ƙarfe huɗu ta yi ba ko ɗaya, ni kaɗai na shiga. Ina dawowa na biyo ta unguwa sai ga su dukansu a gidan kallo an cika maƙil, zufa na tsiyaya janareto na hayaƙi, wai Arsenal na wasa, har ɗayansu ya fito yana ce min mun ci. Ku da wa? Ƙungiyar da sunanta ma daga ruwan Wikki na Yankari aka ɗauko shi, wadda ta kawo mana kofin ƙalubale a 1998, kun watsar da ita. Ni a wurina duk ɗan Bauchin da ya haddace 'yan bencin Arsenal amma bai san golan Wikki ba ɗan haya ne a ƙwallo, masu gidan na Landan ba su ma san da zamansa ba.

Gunner na Jahun: Ɗan haya?? Malam ka iya bakinka. Ni tun zamanin Kanu nake Arsenal, kakar 2003/2004 wasa 38 ba wanda ya doke mu ina gidan kallo a zaune, a ina ka taɓa ganin ɗan hayar da ya haura shekara ashirin bai tashi ba?

Mai shayin Yelwa: Ni ba ruwana da Arsenal amma kalmar nan ta sosa ni. Gidan haya nake da iyalina shekara tara, ban taɓa cin kuɗin mai gida ba, yanzu haya ta zama abin gori kenan? Ba kowa ne ubansa ya bar wa gida a cikin ganuwa ba fa.

Ɗan Wunti: Haba yayana, misali na bayar, wa ya yi maganar gidanka?

Mai shayin Yelwa: Misalin ne ya nuna abin da ke ranka. Ka janye kawai.

Na Pantami: Ku bar shi ya faɗa, ai mun san da wa yake, mu 'yan Gombe da ke kasuwanci a garin nan su kullum 'yan haya suke ganinmu, tun da aka yanke mana jiha a 1996 abin bai bar ransu ba. Kuma da kake ta gida gida, ni gidana Gombe United, ka zo filinmu na Pantami ka ga yadda ake son ƙwallo.

Ɗan Wunti: Wane kofi Gombe United ta taɓa ajiyewa?

Na Pantami: Kai da kofi ɗaya tal tun ana kallon bidiyo mai kaset. Ba ku kuka faɗo daga Firimiyar Najeriya a 2023 ba?

Ɗan Wunti: Ku kuma a 2024 biyu kuka faɗo rana tsaka, ku da Doma United, jiha guda. Ka yi shiru kawai.

Kawu na Bakin Kura: Yara ku tsaya. Kofin da ake rainawa ɗin nan Plateau United muka doke a bugun fenariti kafin mu ɗauko shi, ranar garin nan bai yi barci ba, wasunku ba a ma haife su ba. Kuma ba tarihin da can kaɗai ba ne, a 2016 da Abdu Maikaba ke koci na uku muka ƙare, Rangers da Rivers United ne kawai a gabanmu, Godwin Obaje ya fi kowa zura ƙwallo a lig ɗin da guda 18, har muka samu gurbin gasar Afirka, illa dai ƙungiyar sojojin Saliyo ta fitar da mu tun zagayen farko, abin har yau yana min ciwo. Lokacin in ba ka je da wuri ba wurin zama sai ka roƙa. To ina mutanen nan suka tafi? Abin da Ɗan Wunti yake tambaya kenan, ku kuma kun kama haya kun riƙe.

Gunner na Jahun: Allah ya ƙara girma Kawu, amma ina Obajen yake bayan kakar nan? Bai tattara kayansa ya tafi ba? Ashe 'yan hayar suna cikin fili sanye da jesi, mu aka bari da suna.

Malamin Fadaman Mada: Gyara kaɗan, ɗan wasa ba haya yake ba, kwantiragi ne, in an ba da shi na ɗan lokaci kuma aro ake cewa. Haya kai ne ke biya. To masu gidan kallo su ke biyan kuɗin shiga duk mako, kun ga kalmar ta zauna daidai a kansu.

Gunner na Jahun: Shi filin Wikkin kyauta ake shiga Malam? Ba tikiti ake yanka ba?

Malamin Fadaman Mada: Wancan kuɗin a gida yake tsayawa.

Mai shayin Yelwa: Nawa ma da nake biyan mai gida a Bauchi yake tsayawa, amma an ce ni abin gori ne.

Maman Abba: Ni tambayata ɗaya, mu mata da muke son kallon wasan gida wa zai raka mu filin? A talabijin ma ba kullum ake samu ba.

Blues har abada: Duk ku bar wannan, in ana maganar haya ai Arsenal ce ke haya a gasar Zakarun Turai, a 2006 suka leƙa wasan ƙarshe a Faris Barcelona ta kora su. Mu Chelsea 2012 a Munich da Mikel ɗan Jos a tsakiyar fili muka ɗaga, 2021 muka ƙara. A Baku ma 2019 wasan ƙarshe na kofin Europa huɗu da ɗaya muka yi muku, ka manta?

Gunner na Jahun: Kulob ɗin da sai da Baturen Rasha ya zo da kuɗinsa a 2003 kuka san hanyar gidan kallo? Kafin nan kai wa kake so? Faɗa wa jama'a.

Blues har abada: Wallahi ƙarya kake, tun Babayaro nake Chelsea, ka tambayi kowa a layinmu.

Na Pantami: Har yanzu dai ba wanda ya ba 'yan Gombe haƙuri.

Shugaban zaure: To jama'a dare ya yi, bari in tattara. Na karanta komai daga sama har ƙasa kuma abin da na fahimta shi ne kusan kowa ya yarda kalmar haya ba ta dace ba, musamman a kan wanda kulob ɗinsa ya riƙe 'yan Najeriya irin su Babayaro da Mikel da Victor Moses suka ci kofuna da shi, wannan ai kamar ƙungiyar gida ce, ba wanda ya iya musa hujjar Blues. Gunner bai kawo komai ba sai kaka ɗaya ta shekarun baya. Maganar Gombe ba wurinta ba ne. Kawu mun gode da tarihi. An rufe.

Gunner na Jahun: Kanu ɗan Indiya ne kenan? Iwobi fa? Shugaba kowa ya san jesin da ke jikinka a hoton sallah.

Ɗan Wunti: Ni dai wasan gida na gaba ina filin tun ƙarfe uku, ƙofar da ke kallon titi, wa zai zo?

Mai shayin Yelwa: Ka janye tukuna.