Dafa mangwaro: ɓarna ce ko dabara?

Gwaggo, Kanwuri: Na ga wata ta sa hoton kek da mangwaro a ciki. Ni dai abin ga bai kwanta mani ba. Allah ya nunar da abu, ya ba shi zaƙinshi, mi ya kai shi wuta? Dafa mangwaro ɓarna ce, amfaninshi duk ƙonewa yake.

Mai kek, Arkilla: Ni ce na sa, Gwaggo, Allah ya huci zuciyarki. Amma ki leƙa Kasuwar Daji ta nan Sakkwato cikin Afrilu. Motoci na ta sauke shi, zafi ya haura digiri 40, kafin a sayar da rabin kwando na ƙasa ya luguiguice, ruwanshi na tsiyaya, ƙudaje sun rufe shi. Wanda ake kifarwa bola, shi ne ɓarnar da ke ci mani rai.

Nas, Mabera: Gwaggo na da gaskiya ta wani gefe. Bitamin C ba ya jure wuta, yana raguwa sosai. Amma sinadarin da ke ba mangwaro launin ɗorawa, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, yawancinshi na nan bayan dahuwa. Ni sukarin ne damuwata. Jam, wato mangwaron da ake dafawa da sukari har ya yi kauri, na cin sukari kusan nauyin mangwaron, mai ciwon suga ya kiyaye.

Yaya, Runjin Sambo: To Gwaggo, maɗin ɗinya fa? Ba ku kuka koya muna ba? A jiƙa, a murje, a tace, a ɗora bisa wuta har ya yi baƙi ya yi kauri. Ban taɓa jin an ce ɓarna ce ba.

Gwaggo, Kanwuri: Ɗinya daban, ɗiyata. Namanta ɗan kaɗan ne, manne da ƙwallo, in ba a dafa ba mi za a samu? Mangwaro kuwa nama ne zalla.

Mai kek, Arkilla: Ai mai zare ma haka yake, Gwaggo, rabinshi a haƙori yake ƙarewa. Shi nake matsewa in tace da rariya, in dafa da sukari da lemun tsami. Tsamin ne ke taimaka mashi ya kama. In na ɗiga a faranti mai sanyi, na tura da yatsa ya tattare, ya yi. Kwalba kuma sai an tafasa ta ta bushe, in ba haka ba hunhuna za ta hau kai. Na kek kuwa wanda bai gama laushi ba ake yankawa ƙanana, a barbaɗe da fulawa don kar ya nutse ƙasan gwangwani. Wanda ya nuna lugub ruwa yake saki, tsakiyar kek ta ƙi gasuwa.

Gwaggo, Kanwuri: Mai zare da wanda ya bugu a mota, na yarda, ku dafa. Amma duk wadda ta sa mangwaro binta siga a tukunya, ban goyi bayanta ba.

Yaya, Runjin Sambo: Ta Arkilla, in babu firji, jam ɗin zai jure zafin Sakkwato bayan an buɗe kwalba?

Mai kek, Arkilla: Ba ya daɗewa, Yaya. Shi ya sa nake zubawa a ƙananan kwalabe, wadda aka buɗe a cinye ta da wuri.