Neman kalmar Hausa: me za mu kira "accessibility" a shafukan intanet?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamai. Ina fassara bayani kan dokokin da suka wajabta gina shafukan intanet yadda nakasassu za su iya amfani da su, kuma gobe da safe zan miƙa aikin. Kalmar "accessibility" ce ta hana ni sakat, ga shi ita ce kanun Sashe na 9 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Nakasassu ta 2006. Na rubuta "sauƙin shiga", amma hankalina bai kwanta ba.

Lauya: Wa alaikumus salam, Malama. A cire "sauƙi", domin mai karatu zai ɗauka alfarma ce ake yi, alhali wajibi ne. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki ranar 28 ga Yuni, 2025 ta hau kan bankuna da masu sayar da kaya ta intanet, kuma a 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ɗora wa gwamnatocin jihohi da na ƙananan hukumomi bin WCAG 2.1, wato ƙa'idojin gina shafukan intanet yadda nakasassu za su iya amfani da su, a matakin AA (na tsakiya cikin matakai uku). Shawarata ita ce "damar amfani".

Malamin nahawu: Kuna neman abin da harshe ya riga ya tanada. Muna cewa rubutu yana karantuwa, gyara yana yiwuwa, saboda haka shafi ma yana shiguwa. Kalmar ita ce "shiguwa", guda ɗaya tak, kuma na daɗe ina koya wa ɗalibaina ita. Duk wanda ya jera kalmomi biyu a gurbin ɗaya, bayani ya yi, bai samar da kalma ba.

Ɗan jarida: Malam, a rediyo mai sauraro zai ji "shigowa", a rubuce ma wasali ɗaya ne ya raba su.

Malamin nahawu: To sai a gyara furuci, ba a jefar da kalma ba. Abin takaici ne a ce 'yan jarida ne ke yanke wa harshe hukunci, masana kuwa sai dai su bi. Da Bature ne ya ƙirƙiro ta, da tuni an karɓe ta hannu bibbiyu.

Ɗan jarida: Allah ya huci zuciyar Malam, amma kalmar da ba ta shiga kunnen jama'a ba, a aji za ta tsaya.

Mai amfani da manhajar karanta allo: Ni makaho ne, kuma ina roƙon a saurare ni. Shiga ba ita ce matsalata ba, domin shafi yana buɗe mini kamar yadda yake buɗe wa kowa. Wahalar tana farawa ne bayan na shiga: hoton da ba a rubuta masa bayani ba manhajata ba ta da abin da za ta karanta mini a kansa, fom ɗin da ba a sa wa gurabensa suna ba kuwa ba ya cikuwa, haka ma maɓallin da sai da linzamin kwamfuta ake danna shi. Kurma ma yana buɗe bidiyo lafiya lau, amma in babu rubutun maganar a ƙasa, me ya samu? Shi ya sa WCAG ta nemi mutum ya iya riskar abin da ke shafin, ya sarrafa shi, ya fahimce shi, shafin kuma ya yi aiki da na'urorin taimako. "Shiguwa" ta tsaya a bakin ƙofa.

Malamin nahawu: Wannan hujja ce, na karɓa, kuma ka lura kai da kanka ka ce "cikuwa". Amma "damar amfani" ba kalma ba ce, kuma ba zan daina faɗar haka ba.

Mai fassara: Na gode, malamai. Zan sa "damar amfani ga kowa" a kanu, a cikin bayani kuma in ce "shafin da nakasassu ke iya amfani da shi". Saura "nakasassu" da "masu buƙata ta musamman", wanne zan bari?

Lauya: A rubutun doka ki bar "nakasassu", domin ɗayar ta fi abin da ake nufi faɗi.

Malamin nahawu: Ki dai ambaci "shiguwa" a ƙasan shafi, ko sau ɗaya ne.