Tana, tsutsar ƙasa, ta ɓace a fadamata, ina mafita?

Manomin Galma:
Salamu alaikum jama'a. Ina noman tumatir da alayyafo a bakin kogin Galma a Zariya. Da can in na kafta fartanya sai tana ta fito birjik, da magariba kwaɗi su cika kunne. Yanzu shiru kake ji, ƙudan zuma ma sun yi ƙaura. Ranar da na yi feshin maganin ƙwari kuwa da ciwon kai nake kwana, kuma alayyafon nan shi yarana ke ci. Wallahi abin na damuna. In na koma takin gargajiya zalla, gonar za ta ciyar da ni?

Dattijo daga Shika:
Wa alaikumus salam ɗana. Za ta ciyar, amma kada ka yanke lokaci guda, shekarar farko amfani kan ragu. Tara kashin shanu da na kaji ya ruɓe sosai tukuna, ɗanye yana ƙona shuka, yana kuma kawo cutar ciki ta ganye. Ka riƙa sa wake a tsakani, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ƙwari kuwa, daka 'ya'yan darbejiya, jiƙa su kwana, tace, fesa da yamma bayan zuma ta koma amya.

Uwargida a Tudun Wada:
Baba ya yi gaskiya. Ni tsorona waken da ake zuba wa fiya-fiya a rumbu. Saboda irin wannan maganin Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuwa muna ta ci. Buhun PICS, wanda iska ba ta shiga, nake sa nawa, ba ƙwaro ba guba.

Manomin Galma:
Allah ya saka da alheri. Zan gwada a kwami goma bana, in kuma leƙa cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru neman shawarar iri.