Neman Kalmar Hausa: Kunkuru Mai Ƙyaure Biyu

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu kishin harshe. Na zauna rubuta bayani a kan yadda ake rainon 'ya'yan wata dabba ta Arewacin Amurka wadda Turawa ke kira "box turtle", sai na tarar tun a jimlar farko aikin ya tsaya, domin sunan da zan ba ta shi ne zai fara gaya wa mai karatu irin kulawar da take bukata, kuma idan sunan ya karkace, to rainon ma zai bi shi ya karkace.

Dabbar, wadda masana ke kiran jinsinta Terrapene, tana rayuwa a Amurka da Meksiko, kuma jihar Karolina ta Arewa ta ɗauke ta a matsayin ɗaya daga cikin alamominta tun 1979. Abin da ya bambanta ta shi ne kwanson ƙirjinta, wanda ya rabu gida biyu da mahaɗi mai lanƙwasawa a tsakani, ta yadda idan ta ji tsoro takan janye kai da ƙafafu da wutsiya, sannan ta ɗago ɓangaren gaba da na baya su haɗe da kwanson sama, ta rufe ruf babu ko kafar da farce zai shiga.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce "kunkurun akwati", kuma na san nan ne hannun yawancinmu zai fara zuwa. Ban yarda da shi ba, saboda kunnen Bahaushe ba zai ji shi yadda ake nufi ba. Idan muka ce kazar gida ko kifin rijiya, wurin zama muke nufi, don haka kunkurun akwati zai zama kunkurun da aka ajiye a cikin akwati. Ruɗanin ya fi muni a wannan batu namu, tunda sababbin ƙyanƙyasa a cikin akwati ko babbar roba ake rainonsu, sai ka ga an rubuta cewa a sa kunkurun akwati a cikin akwati, mai karatu ya rasa wanne ne suna, wanne ne umarni.

Wani malami da na tuntuɓa ya kawo "kififfiyar tudu", kuma hujjarsa tana da ƙarfi, domin a lissafin masana wannan dabba 'yar dangin masu zaman tafki ce, ba ta cikin dangin kunkurun tudu na ainihi, duk da cewa a ƙasa take rayuwarta. Sai dai duk wanda ya ji kififfiya, ruwa ne zai faɗo masa a rai, alhali jaririn wannan dabba, wanda tsawon kwansonsa bai wuce kimanin santimita 3 ba ranar da ya fito, yana iya nutsewa a ruwa mai zurfi. Abin da yake bukata shi ne faranti marar zurfi da zai shiga ya jiƙa ya fito da kansa, ruwan bai kai ga hancinsa ba. Sunan da zai iya sa mutum ya jefa shi cikin bokiti ba zan goyi bayansa ba, ko da ya yi daidai a littafin masana.

Barinsa a "kunkuru" zalla ma yana da nasa haɗarin, kuma wannan ne ya fi damuna. Kunkurun da muka sani, babban nan na Sahel da ake ajiyewa a tsakar gida, ciyawa yake ci, rana da busasshiyar ƙasa ba baƙinsa ba ne. Jaririn da muke magana a kansa kuwa ɗan ƙasan daji ne mai danshi, yana shafe shekarunsa na farko a ɓoye ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, kuma bushewar jiki tana kashe shi da sauri. Abincinsa a wannan lokaci mai motsi ne: tana, ƙananan tsutsotsi, gyare da 'yan katantanwa, sai ya girma ne yake ƙara 'ya'yan itatuwa da naman kaza (wato lemar kwaɗi) da ganye. Yana fitowa daga ƙwai da ragowar gwaiduwa manne a cikinsa, wadda yake rayuwa a kanta na wasu kwanaki, saboda haka ƙin cin abinci a farkon kwanakinsa ba ciwo ba ne, kuma ba a taɓa gwaiduwar balle a cire ta. Yana kuma bukatar sinadarin kalsiyam da hasken rana marar zafi, ko fitila ta musamman da ke maye gurbinsa, in ba haka ba kwansonsa ya yi laushi ya karkace. Wanda ya ɗauki tarbiyyar kunkurun tsakar gida ya ɗora wa wannan jariri, ya zuba masa yashi da ciyawa ya ajiye shi a rana, ba zai daɗe da shi ba.

Shawarata ita ce "kunkuru mai ƙyaure biyu". Na riƙe kalmar kunkuru domin a tudu yake kuma siffarsa ke nan a ido. Na fifita ƙyaure a kan murfi saboda murfi ɗagawa ake yi a ajiye gefe, ƙyaure kuwa yana manne da jikin ɗaki yana juyawa a kan mahaɗinsa, kuma na ciki ne yake rufe shi, wanda shi ne ainihin abin da dabbar ke yi. Kalmar "biyu" ba ado ba ce. A Afirka ta Yamma muna da namu masu ƙyaure: akwai kunkurun Kinixys da mahaɗinsa yake a bayan kwanson sama, yana rufe ƙafafun baya, akwai kuma Pelusios na ruwa da ke rufe gaban ƙirjinsa kaɗai. Kowannensu ƙyaure ɗaya gare shi, don haka sunan ya bar musu gurbinsu. Irin na Asiya, wato Cuora, shi ma gaba da baya yake rufewa, sai a ƙara "na Asiya" ko "na Amurka" idan ana son rarrabewa.

Za a iya cewa sunan bai dace da jariri ba, tunda mahaɗin ba ya aiki sai bayan wasu shekaru. Gaskiya ne, amma ni a nan nake ganin amfaninsa ga mai raino, domin da zarar an ce ƙyaurensa bai fara rufuwa ba, kowa ya gane cewa ba shi da kariya daga ɓera da kyanwa da tsuntsu, kuma dole a tanadar masa maɓoya da abin rufe akwatinsa mai barin iska ta shiga. Ga jaririn kansa kuwa, "sabon ƙyanƙyasa" ya wadatar, ba sai mun aro tsako daga kaza ba.

Ya kamata duk bayanin da zai ɗauki wannan suna ya faɗi cewa tun 1975 Amurka ta hana sayar da kunkurun da kwansonsa bai kai inci 4 ba saboda ƙwayar cutar salmonela da ke kama yara, kuma yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wato CITES, ta sa cinikin wannan jinsi tsakanin ƙasashe ƙarƙashin izini. Ga yadda jimlar da ta tsayar da ni ta fito yanzu: "Sabon ƙyanƙyasar kunkuru mai ƙyaure biyu ana ajiye shi a akwati mai ƙasa mai danshi da ganye, a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka taɓa shi."