Linta da dakin (rufin kankare) da aka zuba a waje: da gaske suna rage asarar kaya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Bara na gama ƙasan gidana a Kano, ɗaki uku da falo. Ranar kwashe shara, tifa biyu aka cika da fasassun bulo, busasshen kwaɓi da guntayen katako. Falankin zuba linta (kankaren saman ƙofa da taga) kuwa rabi ya tsage, sauran maƙwabta suka hura wuta da shi. Duk kuɗina ne fa! Yanzu zan ɗora sama, an ce in sayi linta da sassan dakin da aka riga aka zuba, a kawo a ɗora kawai. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Suna ragewa, musamman katako. Masu zubin da mazubin ƙarfe suke aiki, irin na zoben kwalbati da kake gani a bakin titi, a yi ta amfani da shi ana maimaitawa. Falanki kuwa zubi biyu ko uku ya gama yawo. Ga rodi: tsawonsa mita 12 yake zuwa. Mai zuba linta da yawa yana tsara yankan yadda guntun wannan zai shiga waccan, kai kuwa guntayenka 'yan gwangwan ne za su kwashe. Amma ka tambayi ranar da aka zuba, don kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Kuma a duba fandisho tukun, ko zai ɗauki sama.

Magini: Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ya bar laifin masu gida. Yallaɓai, rabin ɓaraguzan da muke tarawa daga canza ra'ayi ne. Mun kai linta, sai uwargida ta zo ta ce taga ta yi ƙanƙanta, a fasa. In katako ne, kafinta ya gyara. Lintar da aka zuba kuwa, in awonta ya saɓa, ta tashi aiki. Sannan bulo inci 18 ne tsawonsa. A auna bango daidai da bulo, mu ma mu huta da sara.

Wata 'yar'uwa: Malam, gidanka a bakin titi yake ko a lungu? Mu motar ba ta iya shiga layinmu ba, aka sauke a bakin kwalta, 'yan dako suka riƙa turowa a kura. Uku suka tsage kafin su iso, mai kayan ya ce ba ruwansa. Ku yi magana kan wannan kafin ka biya, a rubuce.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, tifa tana shiga har ƙofar gida, alhamdu lillahi. Maganar taga kuwa, Baba magini, kamar kana gidan ranar. Yau da dare za mu zauna da ita a kan zanen.